Kusurwar da Ta Rage

A wannan layin na Nassarawa GRA, in ka tambayi wane ne Malam Bashir kafinta, kowa da abin da zai gaya maka. Sule mai gadi cewa yake yi mutum ne da za ku wuni a benci ɗaya bai wuce amsa sallama ba. Magdalena, mai girkin gidan da yake zaune, takan ce ita ba shirunsa ke ba ta mamaki ba, sai dai a ce kafinta guda ko ƙwayar ƙusa babu a wurin aikinsa. Direbobin makwabta kuwa, masu zama a gindin darbejiya, suna cewa in ka kai masa aiki to ka manta da shi, amma ranar da ka karɓa har jikokinka sun samu. Tun da matarsa Binta ta rasu sai maganar ta koma ɗaya: Malam Bashir ya shiga gareji, ya ƙi fitowa.

Garejin na gidan wani Alhaji ne da ya koma Abuja, ya bar masa ɗakunan baya don ya riƙa kula da ƙofofi da kujerun gidan. A nan yake haɗa katako yadda ya koya tun yana saurayi. Yakan yanka bakin falle ɗaya haƙora-haƙora, kowanne da faɗi a ƙarshe kamar wutsiyar kurciya. Sai ya ɗora shi a bakin ɗayan, ya bi gefen haƙoran da tsinin wuƙa, ya yanka musu gurbi da zarto, ya ƙwaƙule da cizal. In ya haɗa su sukan shige cikin juna kamar yatsun hannu biyu, ba mai raba su.

Abin da ke gabansa yanzu akwati ne na maɗaci. Binta ce ta roƙe shi, tun 'yarsu Safiya tana makarantar firamare, ta ce tana son inda za ta adana zannuwanta. A shekarar ya gama kusurwa uku. Ta huɗun ya yanka mata haƙora, bai fitar da gurbinsu ba, aikin Alhaji ya taso, sai ya jingine katakon a bango. Daga nan kullum da abin da zai sha gaba. In ta tuna masa, ya ce sai ya samu natsuwa, wannan ba aikin gaggawa ba ne. Ita kuma ta yi dariya ta ce ya buga ƙusa mana ya huta, ai kaya za a zuba, ba sarki zai zauna a kai ba. Bai taɓa amsa mata wannan ba. Haka ta ci gaba da cusa kayanta a jakunkunan bakko a ƙarƙashin gado, har ta bar duniya.

Safiya, wadda ke aure a Hotoro, ta aiko cewa ranar Asabar za ta zo ta kwashe kayan mahaifiyarta a raba wa masu rabo. Magdalena ce ta kawo saƙon. Ta tsaya a bakin gareji tana goge hannu da gefen zane, sannan ta ƙara da abin da ba a ce ta faɗa ba: yarinyar ta ce in ta kwashe kayan, ba ta ga abin da zai sake kawo ta gidan nan ba. Malam Bashir ya gyaɗa kai kamar an ce masa an ɗauke wuta. Bai ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa ba. Dama tun ranar jana'iza haka yake, yana ci, yana salla, yana amsa gaisuwa, amma duk kamar wani ne ke yi shi yana kallo. Abu ɗaya kawai ya zauna masa a ka: kada kayan Binta su fita gidan nan a bakko.

Ya sauko da fallen da ya jingine, ya kakkaɓe yanar gizo. Ya ɗora haƙoran, ya ja layi da wuƙa. Zarto ya bi layin bai kauce ba, hannu bai manta komai ba. Ya sa cizal yana bugawa da gudumar katako, ɓarɓashi ja yana zuba a kan ƙafarsa. Da ya zo haɗawa da safiyar Asabar, haƙoran sama suka shiga, na ƙasa suka shiga, na tsakiya suka tsaya a waje. Ya ɗaga fallen ya kalle shi ta gefe da ido ɗaya. Ya banƙare. Damina ta kumbura shi, rani ya tsuke shi, shekara da shekaru yana jingine, ya yi ciki kamar faranti. Shi da kansa ya sha gaya wa masu koyo cewa haƙora da gurbinsu rana ɗaya ake yanka su.

Duk da haka ya ɗora guntun katako a kai ya buga a hankali. Ya ƙara bugawa. Sai ya ji ƙas. Haƙorin tsakiya ya tsage har gindi. Ya zauna a kan benci da gudumar a cinyarsa, yana kallon tsagar.

A haka Safiya ta same shi. Ta durƙusa ta gaishe shi idonta na ƙasa, ya amsa da "Lafiya lau, ke da mutanen gidan." Ita ce 'yar fari, ita ce kuma kaɗai, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ta wuce ɗaki, ita da Magdalena suka jawo jakunkunan zuwa tsakar gida suka zazzage a kan tabarma. Kayan sama lafiya lau. Na ƙasa kuwa danshi ya kama su, sun yi baƙi-baƙi, gara ta huda wata atamfa tun daga ninkin farko har na ƙarshe. Atamfar da Binta ke cewa sai ranar sunan jikanta za ta ɗaura ce. Safiya ta buɗe ta a rana, haske yana ratsa hujojin. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke ta, ta zo bakin gareji da ita a hannu, ta dubi akwatin.

"Wannan ne na Umma?"

Ya ce shi ne.

"Har a asibiti sai da ta yi zancensa. Ta ce kada in yi maka magana, kana sane."

Ya tashi ya nufi ɗakin gadi, ya tambayi Sule ko yana da ƙusa. Sule ya buɗe baki zai yi tsokana, har ya fara cewa yau kuma wace rana, sai ya ga fuskarsa, ya fasa. Ya zazzago masa wasu daga gwangwanin madara, rabinsu sun yi tsatsa.

Kusurwar ba ta tsayuwa da kanta, sai an danne. Ya gwada da gwiwa, ta zame. Ya sake gwadawa. Safiya ta ajiye atamfar a kan benci, ta sa hannu biyu ta matse fallayen ba tare da ta dube shi ba. Ya buga ƙusa ta farko, ta biyu ta lanƙwashe, ya zare ta ya miƙar da ita a kan dutse ya mayar. Kafin a kira azahar akwatin ya tsaya, kusurwa uku sumul, ɗaya da kawunan ƙusa a waje. Aikin da bai kai a dafa shayi a sha ba.

Ta soma jera kayan a ciki, ta sa mai hujojin a sama. Mijinta Jamilu yana waje a mota, ya yi hon sau ɗaya. Malam Bashir yana tsaye da guduma a hannu. Da ta kama hannun akwatin za ta kira Sule ya taya ta, sai ya ji muryarsa ta fito, a dishe.

"Safiya."

Ta tsaya cak, ta juyo.

"Abin da ta roƙe ni ke nan, tana da rai ban yi mata ba. Ita ba ta nan balle in gaya mata. Ki yi haƙuri. Ki yafe mini."