Gwajin Mota a Hanyar Bara

Shekara goma sha ɗaya Hadizatu tana tuƙa ƙaramar motarta fara daga unguwar Hajj Yusuf, ta ratsa Bahri, ta haye gadar Shambat zuwa Kasuwar Umdurman. A tsawon shekarun nan rumfar kayan yaji da mahaifinta ya bari ta zama sito uku, zoɓon da take sarowa daga Kurdufan kuma ya fara shiga kwantena yana tafiya ƙasashen waje. Motar ce kawai ba ta canza ba, sai tsufa. A ƙarshen shekarar 2022 ta faɗa wa mutanen gida cewa za ta sayi babbar mota ƙirar Turai, ba ta tsaya neman ra'ayin kowa ba.

Ra'ayin dai ya zo da kansa. Ƙanenta Muzammil, mai kula mata da sitocin, ya ce Marsandi ce motar 'yan kasuwa, ko bayan shekara biyar aka kai ta kasuwa ba ta kwantai. Ya ƙara da cewa lokaci ya yi da za ta ɗauki direba ta koma kujerar baya kamar sauran masu fitar da kaya waje. Hadizatu ta ce ta ji.

Ranar Asabar ita da Muzammil suka je Kirin, kasuwar motoci ta Bahri. Ta tafi da Usta Dabo, tsohon bakaniken da ke duba mata mota tun ranar da ta fara tuƙi. Dillalin, wani mai fara'a da ake kira Hisham, ya nuna musu motoci biyu da ba su daɗe da shigowa ba: baƙar Marsandi da BMW mai ruwan toka. Shekararsu ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya. Duk bayanin da Hisham ya yi, Muzammil yake kallo, mabuɗin ma shi ya miƙa wa.

Hadizatu ta sa hannu ta karɓa. Ta ce ita ce mai sayen, kuma tana son a ba ta kowace mota wuni guda, shi Hisham ya zauna a gefenta idan hankalinsa bai kwanta ba. Hisham ya dubi Usta Dabo da ya sani tun da daɗewa, sannan ya ce tamam, ya amince.

Usta Dabo ya kwashe awa biyu yana leƙa ƙarƙashin motocin, yana shinshina man inji, yana kasa kunne. Da ya gama ya goge hannu ya ce babu wadda zai kushe, kayan gyaran kowacce ana samu a gari.

"Lafiyarsu ƙalau, 'yata," ya ce. "Abin da ya rage ba na bakanike ba ne."

Da Marsandi aka fara, ran Lahadi. Ta kai ta har ƙofar gida, ta fito da mahaifiyarta, Hajja Tasalla, wadda ciwon gwiwa ya hana yawan fita. Tsohuwar ta shiga baya, ta tattara tobin da ta lulluɓa da shi, ta shafa fatar kujerar. Kafin su fita daga unguwa barci ya ɗauke ta, duk da ramukan da damina ta bari a layin. Da ta farka a bakin kogin Nilu ta ce ita kam ba ta taɓa shiga abin da ke tafiya kamar jirgin ruwa a kan ƙasa ba. Muzammil ya yi ta murmushi, a ganinsa magana ta ƙare.

Hadizatu ma ta yaba. Motar tana da natsuwa, ba a jin hayaniyar raksha masu ƙafa uku ko ta 'yan kamasho. Sai dai duk wunin nan ji take kamar ta yi aron falon wani babban mutum, tana takatsantsan kada ta ɓata wani abu.

Washegari aka ba ta BMW. Hisham na gefenta, Usta Dabo na baya. Sun haye gada ke nan, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wayarta ta yi ƙara. Abdulmun'im ne, direban babbar motar da ke ɗauko mata buhunan zoɓo daga Ubayyid. Ya ce fanbel ya tsinke masa a hanyar Bara, kimanin kilomita casa'in daga Umdurman, kuma na ajiyar da ke motar bai yi daidai ba. Kayan kuwa dole su kwana a sito, domin da safe za a loda kwantenar da za ta tafi tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan.

Ta miƙa wa Usta Dabo wayar. Ya yi tambaya biyu ya ce ya gane lambar, ana samu a kasuwar Suƙ Libya, a kan hanyarsu ne ma. Sai ta juya ga Hisham.

"Wuni guda muka yi da kai, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Hajja, amma cikin gari nake nufi."

"Ni kuma aikina ba cikin gari ya tsaya ba. Ka kira mai motar ka faɗa masa. In ya ƙi, na sauke ka a nan na ɗauki shata."

Mai motar bai ƙi ba. Suka sayi fanbel ɗin da ruwan sha da gurasa, ta cika tanki, suka miƙi hanyar yamma.

Da gidaje suka ƙare, kwalta ta miƙe tsakanin jan yashi da 'yan itatuwan ƙaya, Hadizatu ta ɗan taka. Motar ta amsa nan take, ba gardama. Ta zo bayan jerin manyan motoci uku masu ɗauke da raguna, ta leƙa, ta ga hanya a buɗe, ta wuce su a shiga ɗaya. A tsohuwar motarta da sai ta bi su a baya rabin awa tana shaƙar hayaƙi. Inda yashi ya hau kan kwalta ta rage gudu, sitiyarin bai kuɓuce mata ba. Ta lura kafaɗunta, da kullum suke ɗaurewa idan tana doguwar tafiya, sun saki. Hisham ya riƙe madafar ƙofa tun daga shingen bincike na farko, amma can gaba ya saki ya fara tambayarta yadda ake gane zoɓo mai kyau. Ta yi masa bayani tana tuƙi.

Suka tarar da Abdulmun'im ya shimfiɗa tabarma a inuwar motarsa. Usta Dabo ya cire jallabiyarsa ya hau. Kafin ya gama, Hadizatu ta sa an kwance tamfol ta duba buhunan sama, ta murza zoɓon a tafin hannu, ta ga ya bushe yadda take so. Suka yi azahar a gefen hanya. Ƙarfe biyu da rabi injin ya tashi, ta sa babbar motar a gaba tana biye da ita har bakin sito.

Da la'asar sakaliya ta isa gida, motar ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Ta tarar da Hajja Tasalla a tsakar gida tana soya bunni, wato 'ya'yan kofi, Muzammil yana gefe. Ta zauna a bakin gadon igiya ta ce ta zaɓi mai ruwan tokar.

Muzammil ya ce ta yi gaggawa. Ya sake kawo zancen daraja, da zancen baƙin da take ɗaukowa daga filin jirgi, ya rufe da cewa ko don Inna ai ya kamata ta duba. Wannan ta ƙarshen ce ta taɓa ta, domin tun a hanya take tunaninta.

"Inna," ta ce, "na san waccan ta fi miki daɗi."

Tsohuwar ta juye bunnin a turmi. Ta ce gaskiya ne, kujerar waccan ta fi laushi, ba za ta ɓoye ba.

"Amma ni sau nawa nake fita? Juma'a, sai asibiti. Ke ce kullum a kan hanya. Ki sayi wadda hannunki ya yarda da ita."

Muzammil ya ce to shi ke nan, amma idan ranar sayarwa ta zo kada a ce bai faɗa ba. Hadizatu ta ce idan ranar ta zo shi za ta ba wa ya kai Kirin. Ya yi dariya duk da bai so ba, ya tashi ya fita ya zagaya motar sau biyu, ya dawo yana tambaya ko gaskiya ne ta wuce manyan motoci uku a shiga ɗaya. Ashe Hisham ya riga ya kira shi ya ba shi labari.

An gama takardu ran Laraba. Tsohuwar motar ta bar wa malamar da ke koyar da 'ya'yanta karatu, wadda ta daɗe tana fama da hawa bas biyu kafin ta iso Hajj Yusuf. Ran Alhamis da sassafe Hadizatu ta fito da sabuwar a hankali ta ƙofar gidan, wadda sai da aka cire ƙyaure ɗaya kafin ta wuce, ta tsaya a kan kwana ta ɗauki wasu maƙwabta biyu da ke jiran motar Umdurman. Tana da ganawa da masu sayen riɗi ƙarfe tara a Khartum, kuma tana son ta biya sito tukuna.