Rubutun da Ke Komawa Ƙarami

Shekara biyu ke nan idon Malam Lauwali yana ja da baya, bai faɗa wa kowa ba. A wani ofishin rigakafin dabbobi a Illo, shi ke shigar da kowane garken da zai tsallaka Benin, ta wata baƙar taga a kwamfuta wadda sai an rubuta mata umarni da hannu. Kullum yakan riga kowa zuwa, ya ƙara wa rubutun girma a ɓoye. Da an kashe kwamfutar an kunna, sai ya koma kamar ƙwayar gero. Girman kai ne ya hana shi tambaya, ba komai ba.

Ran Laraba mai duba aiki, Alhaji Abdulganiyu, ya zo daga Birnin Kebbi, ya ja kujera ya zauna bayansa. Sambo makiyayi yana bakin ƙofa yana jiran takarda, shanunsa a rana.

Sai aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, kwamfuta ta tashi, rubutu ya ƙanƙance.

"Ci gaba, Malam," in ji Alhaji.

Lauwali bai ga komai ba sai fararen layuka suna rawa. In ya gyara a gabansa, asiri ya tonu, aiki na iya tafiya. In ya buga da ka, ya kuskure, a tsare shanun Sambo a iyaka. Zufa ta jiƙa masa hula.

"Malam, hala injin ɗin nan azumi yake?" Sambo ya ce. "Shanuna dai ba su yi niyya ba."

Lauwali ya ɗauke hannunsa. "Alhaji, ba na gani."

Mansura, abokiyar aikinsa da ya sha rainawa, ta taso.

"Tun bara muka sani, Malam. Kai tagar da ke buɗe kawai kake gyarawa, tana rufewa ta manta. Ga saitin asali, wanda take komawa gare shi duk tashi."

Ta ƙara girman a can, ta adana, ta kashe kwamfutar, ta kunna. Kowa ya zuba ido. Baƙar tagar ta buɗe da manyan baƙaƙe, raɗau.

Lauwali ya buga takardar Sambo.

Alhaji ya miƙe. "Da ka buga da ka, da yau ka bar kujerar nan. Kafin in dawo, ka nemi tabarau."