Bel Mai "Ba" Biyu

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da 'yan firamare, kuma ba a taɓa jin ta ce wa yaro "ka kyauta" ba tare da ta liƙa masa "amma" ba. Yara suka laƙaba mata Jan Biro, sunan ya bi ta har gida. Babu abin da ke ƙona mata rai irin yaro ya buɗe jimla da "ba" ya manta bai rufe ta da "ba" ba. "Ka buɗe ƙofa ka tafi ka bar ta a hangame!" Haka take cewa, sannan ta zagaye wurin da ja har takardar ta kusa hujewa.

Da ta yi ritaya, 'yarta Auta, wadda ke aiki a kantin magani, ta ga in ba a sama wa hannun nan abin yi ba, to mutanen gida za a koma yi wa maki. Sai ta sayo mata alƙalamin wuta, irin wanda ake jonawa a lantarki bakinsa ya yi zafi a yi zane da shi a kan fata. Malama ta harare shi ta ce wasan yara ne. Bayan sati biyu ta kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, ta kafa tebur a gindin taga, ta sa fanka tana korar hayaƙi waje. Ta gano cewa fata ba ta son gaggawa: in ka danna ta huje, in ka tsaya tunani ta yi baƙin tabo, sai dai ka bi ta a hankali da wuta kaɗan. Ta yi wa jikoki maƙalan makulli, ta yi wa maƙwabciya jaka mai ganyaye. Abin da ya fi burge ta da sana'ar shi ne ba ta da magogi. Abin da wuta ta rubuta ya rubutu.

Mijinta kuwa, Direba, ya yi rabin rayuwarsa yana jan doguwar bas. Mutum ne mai tumbi da dariya, in ya ƙyalƙyale a falo har kofunan kicin sai sun amsa. To, sai aka yi masa tiyata a ciki. Aikin ya yi kyau, likita ma ya ce saura kawai ya ci abinci, amma Direba ya ƙi. Ya yi loma uku ya ture faranti. Tumbin ya tafi, dariyar ta bi shi, wando ya koma sai an riƙe da hannu. Malama ta yi faɗa, ta yi jadawalin magani ta manna a jikin firij, ta sake yin faɗa. Tsoro take ji, tsoro mai tsanani, amma ita tsoronta da muryar faɗa yake fitowa.

Wata safiya tana tsaye a kansa da kofin ruwa, ya ɗago ya dube ta.

"Malama, na san kin gaji da ni. Ba laifinki ba ne."

Maganar ta doke ta a ƙirji. Amsar tana nan a bakinta, cikakkiya, amma abin da ya fito shi ne: "Sha maganinka, ruwan zai huce."

Ruwan sanyi ne ma, wace hucewa zai yi? Ta shiga ɗakin aikinta ta rufe ƙofa, ta zauna tana jin haushin kanta. Shekara talatin da takwas da aure, a ce mace ta kasa furta kalma shida! Hali zanen dutse. Sai idonta ya faɗa kan wata doguwar fata mai kauri da take ta ajiya tana jin ƙyashin taɓawa. Ta ce to, abin da baki ya kasa, wuta ta faɗa.

Bel za ta yi masa. Ta lallaɓa ta ɗauko tsohon bel ɗinsa da ke rataye a bayan ƙofa ta auna tsawo da shi, ta yanka. Ta fitar da haruffa da fensir, manya-manya, daga kusa da ƙarfen ɗaurewa har zuwa wutsiya: BA ZAN GAJI DA KAI BA. Ta gwada zafin alƙalamin a kan guntun fata, ta rage, ta sake gwadawa. Kwana tara tana bin haruffan nan, tana goge bakin alƙalamin in ya yi baƙi, tana ɗauke numfashi a kowace lanƙwasa. Kunya kuma ta sa ta nannaɗe kowane harafi da rassa da ganyaye, yadda sai mutum ya kula zai ga rubutu ne. Direba yana jin ƙaurin fata daga falo.

"Yau kuma wace saniyar ake gasawa?"

"Wadda za ka ƙi ci," in ji ta.

Ran Asabar da safe ta shafe bel ɗin da mai, ya yi ja yana sheƙi, ta naɗe ta ajiye masa a hannun kujera.

"Ga shi nan. Wandonka sai zamewa yake, kana ba ni kunya gaban baƙi."

Kafin ya warware ta suri jakar cefane ta fice, don ba za ta iya tsayawa ya karanta a gabanta ba.

Ai kuwa bai karanta ba. Tabaraunsa na can cikin ɗaki, shi dai ya ga ganyaye masu kyau ya ce ma sha Allah. Ya zura a wando, ya ja, ya ja, bel ya wuce hujin ƙarshe, wutsiya ta zagaya har bayansa. Da tsohon tumbi aka auna! Shi kuma ba ya so ta dawo ta ga aikinta bai yi ba. Sai ga Direba, wanda ya yi sati shida bai taka ƙofar gida ba, ya zura takalmi ya dafa bango ya nufi rumfar mai gyaran takalma da ke bakin titi.

Mai gyaran takalma ya juya bel ɗin ya yaba aikin, ya ce hannun da ya yi wannan ba ya rawa. Ya huda sababbin huji huɗu, ya ɗora wuƙa ya datse abin da ya yi yawa a wutsiya.

"Na bar maka ɗan saura, Baba, saboda in ka murmure."

"Allah ya sa," in ji Direba. Ya sunkuya da ƙyar ya tsince guntun da aka yanke ya jefa a aljihu.

Da azahar Malama tana kicin, kunnenta na falo. Tun da ta dawo Direba yake yawo da bel ɗin a ɗaure, ya cusa riga a wando kamar sabon ɗan sanda, amma bai ce mata komai ba sai "an gode". An gode kawai? Tana cikin wannan saƙe-saƙen Auta ta yi sallama.

"Iye! Baba, wannan gayun fa? Tsaya, tsaya, ai rubutu ne a jiki. Ɗaga hannunka."

Malama ta leƙo da ludayi a hannu. Auta ta duƙa tana zagaya mahaifinta, tana bin haruffa da yatsa, tana karantawa da ƙarfi kamar 'yar aji biyu.

"Zan... gaji... juya, Baba... da... kai."

Ta miƙe. Ta juyo ta dubi mahaifiyarta.

"Sake karantawa," in ji Malama.

"Zan gaji da kai. Haka aka rubuta, Mama."

Direba ya sauke hannuwansa a hankali. Ya yi wani ɗan murmushi da ya fi kuka ciwo.

"To, ai ba komai. Gara da aka sanar da ni tun da wuri."

"Inna lillahi! Wane irin zan gaji?" Ludayin ya faɗi ƙasa. "Ina 'ba' ɗina? Guda biyu na sa! Ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe! Ni za a ce na bar jimla a hangame? Ni?"

Ta iso gabansa ta cafki bel ɗin tana dubawa, ta ga sabon yanka a wutsiya, ta ga huji huɗu da ba nata ba.

"Wa ya taɓa min aiki?"

"Ya yi min yawa ne, na kai aka rage."

"Ka kai? Da ƙafarka?"

"Da ta wa zan je?"

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Ta dubi wuyansa da ya rame, ta dubi rigar da ke lilo a kafaɗunsa, ta ga har yanzu bai gane ba, yana tsaye yana jiran hukunci. Wuta ta yi iya nata ta kasa. Babu sauran wanda zai faɗa sai ita.

"Ba zan gaji da kai ba," ta ce. "Abin da na rubuta ke nan. Ba zan gaji da kai ba, ko shekara nawa za ka yi kana ture min faranti. Ka ji ko in maimaita?"

"Maimaita," in ji Direba.

"Ka ji shi ko! Ba zan maimaita ba."

Auta, wadda ke share ido da bakin mayafi tana dariya, ta sa yatsa ta ɗaga wutsiyar bel ɗin da ta kwanta a kan farkon rubutun. Ga BA nan a ƙarƙashi, lafiyarsa ƙalau, wutsiya ce ta danne shi. Direba ya laluba aljihu ya fito da guntun fatar da ya tsinto. Ya miƙa shi nesa da ido ya ƙanƙance. BA ne, da ɗan ganye a gefensa.

Sai dariyar ta dawo. Ta faro daga can ƙasa, ya dafe wurin ɗinkin yana "wayyo, wayyo", amma bai fasa ba, har kofunan kicin suka amsa.

"Jan Biro!" ya ce yana haki. "Shekara talatin kina zane 'ya'yan mutane a kan 'ba' ɗaya, ke ga shi kin zubar da biyu rana ɗaya!"

"Laifi tudu ne, Mama," in ji Auta.

"Rufe min baki. Kai kuma ciro shi, in yi maka wani daidai jikinka."

"A'a. Wannan nake so." Ya dafe ƙarfen da hannu biyu. "Na ƙarshen yana aljihuna, ba mai raba ni da shi. Na farkon ne dai... Auta, ya za a yi ya fito fili?"

Auta ta duba, ta auna da yatsu.

"Sai wutsiyar ta ja baya. Huji biyu, ko uku. Wato sai tumbi ya dawo, Baba."

Direba ya kalli cikinsa. Sannan ya ja kujera ya zauna a gaban tebur, ya naɗe hannun riga.

"Malama, me kika dafa?"

Ranar ya cinye rabin faranti, aka yi ta murna kamar ya ci jarrabawa. Guntun fatar kuwa Malama ta huda shi ta sa masa zobe, ya koma maƙalin makullinsa. Duk wanda ya tambaye shi ma'anar BA sai ya ce sirrin gida ne.

Bayan sati biyar, da hantsi, tana ɗakin aikinta tana fitar da fiffiken tsuntsu a kan wata jaka, ta ji ya ƙwala mata kira. Ta kashe alƙalamin ta fito a guje. Ta same shi tsaye a tsakiyar falo, tabarau a hanci, ya ɗage riga, yana nuna mata ƙugunsa. Bel ya matsa huji ɗaya. Daga ƙarƙashin wutsiyar, harafin A ya leƙo da ganyensa.

Malama ta duƙa ta duba da kyau, ta shafa harafin da yatsa. Idonta ya cika, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ka kyauta," ta ce.

Ya jira "amma". Ba ta zo ba.

"To ƙaro min ƙwai biyu," in ji Direba. "Saura B."