Gadar Jirgin Rake

Da A-siu ta cika wata guda da haihuwa a ƙauyen mijinta da ke ƙetaren kogi, uwarta ta kafe sai ta je ta ga jikanta da idonta. Tsohuwar tun tana yarinya aka ɗaure mata ƙafafu don kada su girma, bisa al'adar da, tafiyarta sai ka ce mai taka ƙwai. Giok-lan, matar ɗanta, ita aka haɗa da rakiya, rungume da tukunyar kaza da aka dafa da man riɗi da citta.

Hanyar mota zagaye ce mai nisa. Gadar jirgin rake kuwa ga ta nan bayan gonaki, siririya, ba abin dafawa, katakai ne kawai a jere, ta tsakaninsu kana hango duwatsun kogi can ƙasa, don ruwa ya janye.

"A-ma, mu bi ta hanya mana," in ji Giok-lan, haka take kiran surukarta. "Lokacin yankan rake ne, jirgi ba ya hutawa."

"Na safe ya wuce, da kunnena na ji shi. Ke dai raguwa ce. Tun uwarki na goye nake hawa gadar nan."

Suka hau, tsohuwa a gaba tana dogara sanda, Giok-lan a baya ta kama mata gefen riga.

Sun kai tsakiya ke nan ta ji katako yana rawa a tafin ƙafarta. Ta ce wa ranta iska ce. Sai ƙarfen dogo ya fara wani irin kuka siriri. Ta waiwaya. Baƙin hayaƙi ne ya taso ta saman gonar rake, kafin ta buɗe baki usur ya tsaga sama.

Kowa a ƙauyen ya san gangare ne kafin gadar, jirgi kuma in ya yi lodi ba ya tsayawa don an so.

"A-ma, jirgi!"

Tsohuwa ta juya, ta gani, ta sandare wuri ɗaya. Sandar ta suɓuce ta tsakanin katakai.

"Tafi," ta ce. "Kina da yara. Tafi, na ce!"

Komawa baya shiga bakin jirgi ne, gaba kuma da sauran nisa. Can Giok-lan ta hango kan ginshiƙin siminti da ya ɗan fito a gefe, ƙasa da dogo, faɗinsa bai kai tabarma ba. Ta saki tukunya, ta sunkuci tsohuwa a baya kamar buhun shinkafa. Ba ta san yadda ƙafafunta suke samun katakan ba. Usur na ta ƙara kusantowa, ga ƙarar birki kamar ana yanka alade.

Ta zura tsohuwa kan ginshiƙi, ta dira a kanta, ta kifa.

Jirgin ya bi ta samansu. Tururi mai zafi ya feso mata a wuya, garwashi ya zubo. Sannan taragai, ɗaya bayan ɗaya, rassan rake da suka leƙo ta gefe suna zabga mata a baya kamar bulala. Ginshiƙin kansa girgiza yake. Ƙafarta ɗaya na lilo a iska, ta kasa janyo ta. A ƙarƙashinta tsohuwa na ta kiran Ma-tso, uwar masu neman tsari, ba ƙaƙƙautawa.

Daga ƙarshe jirgin ya tsaya, taragan baya suna bisa kansu. Shiru. Sai ga direba ya biyo ta kan lodin rake da rarrafe, ya leƙo, fuskarsa baƙi ƙirin da gawayi.

"Kuna da rai? Kai! Iya, kun gaji da duniya ne? Ni kuka zaɓa in kashe ku?" Ya share fuska. "Kada wadda ta motsa. Sai na ja gaba kafin ku iya fitowa."

"Kar ka tayar da shi!" Giok-lan ta fashe da kuka. "Don girman iyayenka, kar ka tayar!"

"Ƙanwata, ba wata hanya."

Wannan karon ya fi na farko tsawo a wurinta, don a hankali taragan suka riƙa wucewa, tana jin kowace ƙafar ƙarfe.

Direba da mai zuba gawayi suka dawo suka ciro su, suka ɗauke su har bakin gaɓa. Direban ya zauna a ƙasa, ya yi ta ƙyasta ashana ya kasa kunna taba. Tsohuwa ta kwance ɗankwalinta ta danna a bayan Giok-lan, inda riga ta yage jini na tsattsafowa, ta daɗe a haka.

Ciwon ya warke kafin dashen shinkafa, ya bar tabo. Amma har aka gama yankan rake na shekarar, in usur ya taso daga gonaki, ko wanki Giok-lan take sai ta ajiye, ta zauna a ƙasa, ta jira ya wuce.