Kazar Ɗorin Hammajoda

A Ƙofar Dumi, shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ba a yi mai gudu kamar Hammajoda ba. Ni Zinariya katangarmu ɗaya da su, kuma katangar ta zube daidai wajen rijiya, saboda haka ba abin da aka yi a gidansu wanda ban gani ba. Kada a ce leƙe nake yi. Ruwa nake ja.

Fulani ne. Sun shigo gari bayan annoba ta cinye musu shanu, uban kuma bai yi shekara ba ya bi shanun. Aka bar shi da uwarsa, wadda duk unguwa ke kira Dada. Shi ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta gama tuwo sai ta fuskanci bango ta ce a gaya wa mutumin nan abinci na hucewa. Su biyu ne kaɗai a gidan, to wa zai gaya masa? Bangon ke nan. Na sha yi mata dariya a kan wannan, ita kuwa ta ce mu Hausawa ba mu da kunya.

Hammajoda masinja ne a ofishin En'e. Wata rana Malam Andrawus, tsohon soja da ya je yaƙin Bama ya dawo yana koya wa 'yan makaranta motsa jiki, ya gan shi ya wuce mai keke a hanyar Jos da jakar wasiƙu a kafaɗa, ko haki ba ya yi. Daga ranar ya ɗauke shi. Kullum bayan asuba sai su fita, Andrawus a kan keke da agogo a hannu, Hammajoda a ƙasa ba takalmi, su zaga ganuwa, su hau dutsen Warinje su sauko. An ce za a yi tseren mil shida a bikin 'yancin kai, wanda ya zo na ɗaya shi za a kai Kaduna ya yi wa lardin Bauchi gudu. Ba abin da yaron nan ke so a duniya sai wannan. Tun da shanu suka ƙare, ƙafafun nan biyu kaɗai suka rage masa da zai nuna wa mutane.

Saura wata biyu a yi bikin, cikin ruwan Agusta, santsin dutse ya kwashe shi. Ƙwaurinsa na hagu ya karye. A kan ƙyauren ƙofa aka kawo shi gida.

Andrawus ya ce a tafi asibiti a ɗauki hoton ƙashin. Dada ta ce wa bango ba za a kai mata ɗa inda ake yanke ƙafa ba. Aka kira Ya'u mai ɗori, wanda gidansu suka gaji sana'ar tun kakanni. Gaskiya ya iya. Ya ja ƙafar har ta daidaita, ya shafe ta da man shanu da magani, ya jera mata karare ya ɗaure. Hammajoda gumi kawai ya yi. Sannan Ya'u ya yi abin da gidansu ke yi: ya sa aka kamo kaza wake-wake daga cikin na Dada, ya tofa mata addu'a, ya karya mata ƙafar hagu, ya ɗaure ta da tsinke kamar ta mai gidan. Ya ce a ajiye ta cikin akurki a ƙofar ɗakinsa. Ranar da kazar ta taka ƙasa, shi ma ya taka. Kafin nan ko ɗan yatsa kada ya ɗora. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru in kazar ta mutu, don kowa ya san abin da ake cewa a kai.

Andrawus da ya ji sai ya tsaya a zaure yana faɗa, wai ƙashin mutum wata uku yake so, a manta da tseren bana. Ya'u ya tambaye shi ko a Bama kaji ya yi wa soja. Suka rabu ba sallama.

Kwana shida kazar ta mutu. Ko zawo ne, ko ruwan da ya kwana yana dukan akurkin ne, oho. Da sassafe na leƙa, wato na je jan ruwa, na ga Dada tsugune da ita cikin zani. Ta ƙetaro katanga, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in ya ji kazar ta mutu zai saki jiki ya bi ubansa. Ta ce ta ga ina da wake-wake mai kama da ita.

Ni na ba ta. Ni na riƙe kazar ma, ta ɗaura mata tsinken. Na ce to a karya ƙafar mana, abu ya yi daidai. Ta kama ƙafar, ta saki, ta sake kamawa, ta ce ba za ta iya ba, ji take kamar tasa take karyawa. Ni ma ban iya ba, kazata ce mai ƙwai. Muka ɗaure lafiyayyar ƙafa muka tura ta akurki. Mushen kuwa a bayan banɗakina muka binne. Dada ta riƙe hannuna ta haɗa ni da Allah kada in faɗa wa kowa.

Ku da kuka san ni kun san ban taɓa kwana da magana a ciki ba. Ni na fara faɗin cikin 'yar liman, ni na tona inda mai unguwa ke zuwa shan iska da la'asar. Amma wannan na riƙe ta gam.

Kaza lafiyayya ba ta zama da ɗauri. Kwana bakwai ta yi tana tsattsagar zaren, ranar na takwas Dada ta buɗe akurki za ta zuba mata tsaki, sai ta fito fit, ta zaga tsakar gida, ta haye kan turmi. Kwana goma sha huɗu ke nan da karaya. Aka kira Ya'u. Na ga ya ɗauki kazar ya shafa ƙafar da babban yatsa, ya sake shafawa. Ƙashin da ya haɗe yana barin ƙulli, ni ma da ba mai ɗori ba na sani. Amma zaure ya riga ya cika da masu kallo, ana ta cewa ba a taɓa ganin hannu irin na Ya'u ba. Ya ajiye kazar ya ce alhamdu lillahi, a kwance wa yaro karare.

Hammajoda yana zaune a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon kazar. Sannan ya dubi bayan uwarsa, wadda ta duƙufa kan murhu ba abin da take dafawa. Ya ce a miƙo masa sanda.

Kwana uku ya yi da sanda, ya jefar. Ya fara da tafiya zuwa Ƙofar Wunti ya dawo. Mako na biyu ya shiga sassarfa. In ya dawo Dada ta ajiye masa ruwan zafi da tsumma a bakin ɗaki ta kau da kai, ya gasa ƙafar da kansa, ya shafa man shanu, ya naɗe ta da tsohon rawanin ubansa. Ta dafa masa ƙafar saniya, ta nemo nono daga rugar 'yan uwansu a bayan Fadaman Mada. Ni ina gani ta wajen rijiya. Ƙwaurin yana kumbura kamar tulu da yamma, da safe ya ɗan saɓe, ya sake ɗaurewa ya fita.

Andrawus da farko ya ƙi riƙe masa agogo. Da ya ga zai yi ko da shi ko ba shi, sai ya zo gida ya ce a kwance rawanin. Ya sa yatsa daidai wurin karayar ya danna da ƙarfinsa na soja, idonsa a kan fuskar yaron. Ya ce a fagen yaƙi haka likitansu ke gane mai ciwo da mai ƙarya. Abin da bai sani ba, Hammajoda ya tsaya a fagen sharo sau biyu, an zuba masa bulala har fata ta tsage, yana kallon madubi yana murmushi. Yanzu kuma uwarsa na tsaye a bayan zana. Ko ƙifta ido bai yi ba. Andrawus ya tambaye shi da zafi, ya ce babu. Tsohon soja ya girgiza kai, ya ce watakila akwai abin da bai sani ba a harkar kajin nan. Washegari ya fito da keke.

Suka koma zagayen ganuwa. Mil biyu, sannan uku, sannan biyar. Hammajoda ya rame, idonsa ya faɗa. Gudunsa ya karkace, yana jefa nauyi a dama kamar jakin da aka yi wa kaya ɓari ɗaya. Amma agogo na cewa har yanzu ba mai kama shi a Bauchi.

Saura kwana tara a yi tsere na haɗu da Andrawus a kasuwar Wunti. Ni da na binne maza biyu ba mai tsare ni a gida, ƙosai nake sayarwa. Ya tsaya ya saya, ya ce, Iya, ke da kike maƙwabciyarsu, yaron nan yana barci kuwa? Maganar ta zo mini har bakin haƙori. Na tuna hannun Dada a kan nawa. Sai na ce yana yi, na kama ba shi labarin matar wani tela da ta yi yaji. Ya karɓi ƙosansa ya tafi.

Ranar tsere gari ya cika da tuta kore da fari. Na kai kaskona bakin fili. Su talatin da wani abu suka tashi, har da 'yan doka da 'yan makaranta, za su miƙa hanyar Jos su juyo. Muka jira. Can sai yara suka fara ihu daga kan bishiya, wai masinja ne a gaba. Na tashi tsaye. Shi ne, shi kaɗai, na biyu ko ƙurarsa bai hango ba. Rawanin ƙafarsa ya warware yana jan ƙasa, kuma ya yi ja.

Saura kamar daga nan zuwa masallacin Gwallaga ya iso igiyar ƙarshen tsere, ƙafar ta tafi. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Ya faɗi ta fuska. Ya yunƙura ya tashi a kan ta dama, ya yi tsalle biyu, ya sake faɗuwa, ƙashin ya huda fata ya fito. Masu kiɗa ba su gani ba, suka ci gaba da kiɗa. Wani ɗan doka ya zo ya wuce shi ya ci tseren. Andrawus ya yar da keke ya rungume shi yana kuka kamar mace, shi kuwa bakinsa a rufe.

A mota aka kai shi asibiti, wannan karon ba wanda ya tambayi Dada. Likitoci suka ce wurin ya daɗe da ruɓa daga ciki. Bayan kwana huɗu aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Ya'u ya ce ai shi da ma bai ce a yi gudu ba, takawa ya ce.

Da Hammajoda ya dawo gida sai ya koma tufkar igiya a gindin katangar nan tamu. Kazar tana nan, ta yi ƙiba, ta ƙyanƙyashe sau biyu. Dada ta so yanka ta, ya ce wa bango a bar ta. Kullum shi ke watsa mata tsaki. Abin ya ci ni, ya hana ni sakewa. Ran nan da hantsi na ajiye guga na ce, Hamma, akwai maganar da zan faɗa maka a kan kazar nan.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Taki ce, Iya Zinariya. Na sani."

Na ce tun yaushe.

"Tun ranar da aka sa ta a akurki. Tamu muryarta a shaƙe take. Ni da na yi kiwon saniya tamanin, kowacce na san kukanta, kaza ɗaya ce za ta ɓace mini?"

Na ce to don me ka taka, ɗan nan, don me ka yi gudu a kanta?

Ya murza igiyar a cinyarsa. Ya ce, "In na ce ba ita ba ce, na ce Dada ta yi ƙarya, a gaban Ya'u da mutanen zaure. Da wane bakin?" Ya ƙara murza igiyar. "Kuma ina son in je Kaduna."

Sai na ji motsi a bayan zana. Dada ce, da ƙwarya a hannu, ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta fito a hankali ta ajiye ƙwaryar kusa da sandarsa. Na zaci yau kam za ta dube shi, ko ta kira sunansa sau ɗaya. Leɓenta ya motsa. Sai ta juya ta fuskanci bango, ta ce a gaya wa mutumin nan fura na tsinkewa.

Ya ce a ce mata ya ji. Kazar ta zo tana leƙen ƙwaryar, ya kore ta da dungulmin ƙafarsa.