Gashin Bakin Mai Aski

Barci ya sace ni a tsaye, injin aski a hannuna, kan hedimasta a ƙarƙashinsa. Kafin in farga injin ya buɗe titi daga ƙeya har tsakar ka. Hedimasta ya dubi madubi ya ce, "Malam, wannan hanyar ina ta nufa?"

Ƙanena, wanda muke shagon tare, bai yi dariya ba. Ya zare injin daga hannuna, ya kwashe rezoji ya kulle a durowa.

"Yaya, yau inji ne, gobe reza ce a maƙogwaron mutum. Ba ka ƙara taɓa kan kowa sai likita ya yarda."

Na koma shara. Ni da na koya masa riƙon almakashi, ga ni ina bin gashi da tsintsiya. In zauna, in miƙe, in sake ninke tawul ɗin da na ninke ɗazu.

A asibiti matata ta riga ni buɗe baki. "Likita, ba minsharin ke damuna ba, na saba da janareta. Shirun ne. Sai ya ɗauke ɗif, in yi ta zungurinsa, sannan ya ja numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya."

Likita ya auna wuyana, ya kalli tumbina, ya tambayi zancen taba. Bayan gwaji ya ce maƙogwarona ke rufewa idan na yi barci, shi ya sa nake biyan bashin da rana. Aka haɗa ni da na'ura mai hura iska ta wata roba da ake ɗaurawa a hanci.

Na bar taba. Na koma zuwa shago a ƙafa. Matata ta ɗinka mini ƙwallo a bayan rigar barci don kada in kwanta rigingine. Duk na haɗiye. Amma na'urar sai fito take yi, iska na tsere mini cikin ido, in tashi da jajayen idanu kamar mai yankan albasa.

Da na koma, ma'aikaciyar jinya ta ƙura wa fuskata ido. "Baba, gashin bakin nan ne. Ya hana robar zama."

Gashin bakina! Shi aka zana a allon shagonmu. Ya girmi aurena. Wanzami dai ba ya son jarfa. Na kwantar da shi da man shafawa, na rage gefe da gefe, fiton ya canza murya kawai.

Ina cikin shara wata safiya na hango hedimasta, hula har kunne, yana leƙa shagon askin tsallaken titi. Na jingine tsintsiya na hau kujera.

"Aske gashin bakin," na ce wa ƙanena.

"Duka, Yaya?"

"Yi sauri kafin hankalina ya dawo."

Matata ta daɗe tana kallona a ƙofa. "Ashe wannan leɓen na aura?"

Na'urar ta yi shiru. Ciwon kan da nake tashi da shi da safe ya tafi, hamma ta ragu. Da likita ya gamsu, ƙanena ya buɗe durowa ya miƙo mini injina ba tare da ya kalle ni ba.

Hedimasta ya shigo, titin kansa ya toshe. Ya dubi allo, ya dube ni.

"Ina mai shagon?"

"Ga shi, an rage masa kaya."

Ya zauna a ɗarare, ya riƙe hannun kujera gam. "To bismilla. Amma ka dinga magana ina jin muryarka."

Na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na soma ba shi labarin ƙwallon da ke bayan rigata.