Katin Dogo

Sau uku ke nan Malama tana shigowa kantin tun wayewar gari, kuma kowane zuwa abu ɗaya tak take ɗauka. Da safe, kan hanyarta ta zuwa makaranta, ashana. Da aka tashi yara, sabulu. Yanzu kuma da la'asar ga ta a gaban kanta, ƙaramin gwangwanin madara a hannu ɗaya, katin banki a ɗayan.

Mai kantin ya sauke tabarau zuwa karan hanci, ya dube ta ta samansa.

"Malama, don Allah in tambaye ki. Ƙafafun nan naki laifi suka yi miki? Ki haɗa kayanki gaba ɗaya mana, ki soka kati sau ɗaya, na'urar nan ma ta samu ta numfasa."

"Mantuwa ce, Baba."

"Oho. Mantuwar da ba ta taɓa mantawa da kati ba."

Ya turo mata na'urar yana dariya. Ta soka katin, ta kare madannan da tafin hannu, ta danna lambobi huɗu. Na'urar ta ɗan yi tunaninta, sannan ta tofo siririyar takarda. Malama ta lumshe ido. A daidai wannan lokacin, in ji zuciyarta, wata waya tana rawa cikin aljihun wata rigar aiki, can inda mota ke kwana biyu kafin ta kai. Abin da ta zo saya ke nan. Madarar rakiya kawai ta yi.

Katin na mijinta ne. Sunansa ne a jiki, har haruffan sun fara dushewa saboda shafar babban yatsanta. Dogo, kamar yadda kowa ke kiransa, ya danƙa mata shi tun makon farko na aurensu, kuma duk abin da ta saya, banki kan aika masa da saƙon alat a waya. A da, kafin ta kai ƙofar kanti wayarta kan ɗauki ƙara. "Ranki ya daɗe, na ga an taɓa mu. Me muka samu?" Ta ce gishiri. Ya ce lallai gishirin nan daga fadar sarki aka auno shi. Kusan shekara uku suna haka, har ta saba rage sauri a bakin ƙofa don kiran ya same ta a inuwa.

Sai kamfanin da ke kafa manyan turakun wutar lantarki ya ɗauke shi aikin shekara biyu a nesa. Bai gaya mata ba sai da ya sa hannu. A bakin matar abokinsa ta fara ji, a tsakiyar mutane, ta yi murmushi kamar ta daɗe da sani. Wannan murmushin ya fi tafiyar yi mata ciwo.

"Tsoro na ji kada ki hana ni," in ji shi, yana tsaye kansa na neman taɓa saman ƙofa.

"To ka je. Tunda shawarata ba ta da amfani, muryata ma ka yafe ta."

Ta kuwa cika maganarta. Ranar tafiya ya ajiye katin a kan tebur, kusa da littattafan yaran da take dubawa, ita kuma ba ta ɗaga kai daga jan bironta ba. Mako biyu yana kiranta daga can, tana kallon wayar tana haske har ta gaji ta mutu. Ya turo saƙonni, ta karanta, ta kife wayar. Daga nan sai ya yi shiru.

Ranar da shirun ya cika kwana huɗu, ta tsinci kanta a kantin tana sayen abin da ba ta bukata.

Ba za ta kira shi ba. Ai ba ita ta yi laifi ba. Amma tana iya bari ya gan ta. Ta fara rarraba cefanenta kamar mai rarraba magani, safe da rana da yamma, don ya san ta tashi, ta je aiki, ta dawo lafiya. Ranar da aurensu ya cika shekara uku ta hau mota har shagon lemon da ya fara ganinta, ta sayi kofi biyu, ta sha ɗaya, ta bar ɗayan yana zufa a kan tebur. Sunan shagon zai fito a alat ɗin. In yana da zuciya a ƙirji, zai gane. Wata rana ta sayi rezar aski irin tasa. Wata rana kuma, da abin ya ishe ta, ta wuce injin cirar kuɗi na bakin titinsu, ta taka da ƙafa har wanda ke ƙofar asibiti, ta ciri ɗan abin da ta cira a can, don ya ga sunan wurin gabansa ya faɗi. Ta koma gida ta zauna da waya a cinya har rana ta sauka daga bango.

Bai kira ba.

Albashi dai yana shiga duk ƙarshen wata, tana gani a fuskar injin. Abin ya zame mata kamar mutum ya riƙa turo abinci ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙi buɗewa.

Ranar Asabar yayarta ta zo da kwalaye uku a ninke, ta jingine su a bayan kujera.

"Wata uku, ƙanwata. Mutum bai ce miki ci kanki ba, ke kuma kin zauna kina gadin labule. Ƙarshen wata mota za ta zo, ki koma gida. In yana son matarsa ya san hanya."

"Yaya, yana ganina fa."

"Yana ganinki a ina? A mafarki?"

Malama ta dubi kwalayen. Yaya za a yi ta ce a banki?

"Shi ke nan," ta ce a hankali. "In wata ya ƙare bai kira ba, ki turo motar."

Saura kwana biyar, da hantsin wata Asabar, aka yi sallama a ƙofa. Wani mutum ne mai faɗin kafaɗa da jan ido irin na masu doguwar tuƙi, riƙe da leda. Ya ce shi direban kamfanin su Dogo ne, ya kawo kaya gari, gobe da asuba zai juya. Ta shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa, ta kawo ruwa. Ya shanye, ya ajiye kofin, baki ya buɗe.

"Matar babban yaya, ashe ke ce! Wallahi sunanki ya fi na manaja yawo a sansaninmu. Ga wannan, ya ce in ba ki. Takalmi ne. Shago huɗu ya ja ni, yana auna su da tafin hannunsa kamar mai sayen kifi."

"An gode. Yana lafiya?"

"Lafiya dai ta ma'aikaci. Ya rame, ya koma kamar turken da yake hawa. Mun ce masa wata rana za mu ɗaura masa waya a ka bisa kuskure." Ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya dafa goshi. "Af, kada in manta babban saƙon. Ya ce ki duba aljihun tebur na ƙasa, akwai tsohuwar ƙaramar wayarsa. Ki ciro layin da ke ciki ki ba ni."

"Wane layi?"

"Tsohon nasa mana, wanda banki ke turo wa alat. Da zai tafi an ce masa layin nan ba ya kamawa a can, sai ya bar shi. Ashe yanzu an kafa ƙarfen sabis a kan tudu. Bawan Allah, wata uku ko alat ɗaya bai gani ba. Duk ranar albashi sai ya je ya tsare akawu: ka tabbata ya shiga? Ka tabbata za ta iya cira? Har akawu ya fara ɓuya a bayan janareta."

Malama ta ji kamar an zare tabarmar daga ƙarƙashinta, alhali a tsaye take.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, wallahi. Ai shi ya sa yake son layin. Ya ce tunda ba ki ɗaukar waya, ko ta nan ya riƙa sanin kina motsi." Direban ya kama bakinsa. "Kai, wannan bai ce in faɗa ba. Ki yi kamar ba ki ji ba."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban tebur. Aljihun na ƙasa ya cije, sai da ta fizgo shi. Wayar na can ƙarƙashin tsofaffin takardu da guntayen wayar wuta, fuskarta a tsage, a mace. Ta jona ta a caji, ta zauna a ƙasa tana jira. Can wayar ta farka, ta laluba sabis, ta yi rawa a tafin hannunta. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. Sai ta tsaya.

Ashana. Sabulu. Madara. Ba haka aka rubuta ba, lambobi ne da sunan kanti, amma ta san kowanne. Na jiya ne kawai. Kofi biyun lemon, da rezar, da ƙofar asibiti, duk sun jira sun gaji, sun watse a iska, ba idon da ya taɓa sauka a kansu. Wata uku tana magana da aljihun tebur, taku biyu daga gadonta. Shi kuwa can, abin da ya samu daga gare ta shi ne ainihin abin da ta yi masa alkawari: shiru, cikakke, ba ko tsaga. Kuma duk wata sai ya je ya tsare akawu.

"Matar babban yaya," direban ya kira daga waje, "an gani kuwa?"

"Ina zuwa."

Ta share fuska da gefen mayafi, ta ajiye ƙaramar wayar, ta ɗauko tata. Sabuwar lambarsa tana nan a jerin kiran da ba a ɗauka ba, can ƙasa, ko suna ba ta sa mata ba. Ta danna kafin zuciya ta sake ba ta wata shawara.

Wayar ta yi ƙara har sau shida. Wata baƙuwar murya ta ɗauka, iska na kaɗawa a bayanta.

"Wa ke magana? Mai wayar yana sama. Ba a hawa da waya, a wurina suke barinsu. A kira bayan awa biyu."

"Matarsa ce."

Sai ta ji mutumin ya janye wayar daga bakinsa, ya kwarara kira da dukan ƙarfinsa, har sautin ya fashe a kunnenta.

"Dogo! Kai, Dogo! Matarka!"

Iska. Wata dariya daga nesa, wani ya yi fito. Sannan ta fara jin ƙarar takalmi a kan ƙarfe, can sama, siririya, tana ƙaruwa.

"A hankali, kai!" in ji muryar. "Maƙala igiyarka! Ba gudu za ta yi ba!"

Malama ta riƙe wayar da hannu biyu. Ba ta shirya abin da za ta ce ba. Ta dai zauna a ƙasan ɗakin, tana sauraron saukowarsa, mataki bayan mataki.